Wa ke kai wasiƙarka cikin kwandon shara na imel?

Assalamu alaikum jama'a, 'yan uwa na Maraɗi da kewaye, Tibiri, Madarunfa, Gidan Runji, har da masu kallonmu daga Jibiya da Katsina, barkanku da war haka.

Kafin in ce komi ku ɗauki wayarku, ku buɗe imel, ku latsa layukan nan ukku na sama ta hannun hagu, ku gangara ƙasa za ku ga wani wuri an rubuta Spam. Ku shiga. Kun gani ko? Wani ya ce ka ci miliyoyi, wani ya ce banki zai rufe maka kont in ba ka latsa nan ba, wata ta ce mijinta ya rasu ya bar dukiya tana neman mai amana. Ba kai ka tura su can ba, kai ba ka ma san sun zo ba. To wa ya tare su a hanya, kuma da me ya gane su?

Abin da ya sa na ɗauko maganar ga, ƙanena ne. Bara ya nemi burs na karatu a wata jami'a ta waje, ya haɗa dosiye, ya yi ta zarya siber yana sikanin takardu har ya aika. Sati ukku yana jira kullum yana duba waya, ashe amsa ta zo tun kwana huɗu da aikawa, an ce mishi ya turo wata takarda guda cikin kwana goma, tana can kwance cikin Spam. Ko da ya gani lokaci ya wuce. Wallahi abin ya yi min ciwo ƙwarai don na san wahalar da yaron ya sha, shi ya sa na zauna na bi diddigin yadda abin ga yake aiki.

Tushen matsalar tun daga ginin imel ɗin ne. A 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne ya zaɓi alamar @ ɗin nan da muke sawa cikin adireshi. A 1982 Jon Postel ya rubuta ƙa'idar da kwamfutoci ke bi su miƙa wa juna wasiƙa, sunanta SMTP, har yau ita ake amfani da ita. Lokacin masu amfani da abin kaɗan ne, malaman jami'a da masu bincike, kamar ƙaramin ƙauye kowa ya san gidan kowa, don haka ba wanda ya ga dalilin sa mai gadi a ƙofa. Wurin da ake rubuta sunan mai aikowa, duk sunan da ka ga dama ka rubuta, ba mai tambayarka. Ka ce kai banki ne, ka ce kai ofishin jakadanci ne, wasiƙa za ta wuce. Sannan ba tambur, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke ce wa kan sarki. A gidan waya in za ka aika wasiƙa dubu sai ka biya kuɗin tambur dubu, a imel wasiƙa ɗaya da wasiƙa miliyan kusan duk kyauta ne. To ɗan damfara ya aika miliyan, mutum ɗaya tak ya faɗa tarko, ai ya ci riba.

Ba a daɗe ba kuwa anka fara. Ranar 3 ga Mayu 1978 wani mai tallan kwamfutocin kamfanin DEC, Gary Thuerk, ya tura talla guda ga mutane kusan 400 a lokaci ɗaya, mutane sunka yi ta faɗa. A Afrilun 1994 wasu lauyoyi biyu mata da miji a jihar Arizona, Canter da Siegel, sunka watsa tallan cacar bizar Amurka, wannan dai da matasanmu sunka saba cikawa, cikin dubban zaurukan hira na intanet. Daga nan ƙofa ta ɓalle. Ita kalmar spam asalinta sunan wani naman gwangwani ne, wani wasan barkwanci na talbijin a Ingila a 1970 ya yi ta maimaita kalmar har ta hana kowa jin maganar kowa, sai sunan ya bi duk saƙon da ke cika wuri ba a gayyace shi ba.

Dabara ta farko da ta yi aiki da gaske, ku 'yan kasuwa kun fi kowa saninta. A babbar kasuwar Maraɗi Alhaji na iya ba ka kaya na miliyoyi ba takarda ba shaida, saboda sunanka mai kyau ne. Ranar da ka ci kuɗin wani, kafin magariba labari ya kai Kano, ba mai ƙara ba ka ko buhu guda. Haka anka yi wa imel. Kowace kwamfuta da ke kan intanet tana da lamba, ana ce mata adireshin IP. A 1997 Paul Vixie ya fara tara lambobin kwamfutocin da ke watsa shara cikin wani baƙin littafi, a 1998 Steve Linford ya kafa wata ƙungiya mai irin wannan aikin, Spamhaus, wadda har yau kamfanoni da yawa ke dogara da littafinta. In wasiƙa ta iso, babbar kwamfutar da ke karɓa, wato sarba, kafin ma ta buɗe sai ta tambayi littafin, wannan lambar kun san ta? In an ce tana ciki, sai ta rufe ƙofa, duk cikin ƙiftawar ido.

Amma nan ne abin ke shafarmu, ku saurara da kyau. Mu a nan da wuya mutum ya samu lambar IP tashi shi kaɗai. Kwamfutocin siber duka da lamba ɗaya suke fita, kamfanin waya kuma yana raba lamba ɗaya ga mutane da yawa. In kwamfuta guda ta kamu da birus tana aika shara da dare mai ita bai sani ba, sunan lambar gaba ɗaya ya ɓaci, wake ɗaya ya ɓata gari. Littafin bai san kai mutumin kirki ba ne, lamba kawai ya sani. Ni ban ce a daina amfani da shi ba don in babu shi da imel ya mutu tuni, amma akwai rashin adalci a ciki kuma talakawan ƙasashe irin namu sun fi shan shi.

Wasu kuma sunka ce to a ƙirƙiro tambur mana. Cynthia Dwork da Moni Naor sun kawo shawarar a 1992, a 1997 Adam Back ya yi nashi mai suna Hashcash, wato kafin kwamfutarka ta aika wasiƙa sai ta warware wani lissafi mai ɗan cin lokaci. Kai mai wasiƙa goma ba za ka ji komi ba, mai miliyan sai ya gaji. Tunani mai kyau amma bai karɓu a imel ba, daga baya dai irin lissafin ga shi ne ya zama ginshiƙin kuɗin intanet ɗin nan Bitcoin. A Janairun 2004 ma Bill Gates ya faɗa a taron tattalin arzikin duniya na Davos cewa cikin shekara biyu za a gama da matsalar spam. Ba a gama ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce rariya. A Agustan 2002 wani mai rubuta manhaja, Paul Graham, ya bayyana yadda yake tace wasiƙunshi da lissafin wani limamin coci ɗan Ingila, Thomas Bayes, wanda ya rasu tun 1761. Ga yadda abin yake. Ka tara wasiƙu tsibi biyu, na kirki gefe, na shara gefe, sai kwamfuta ta ƙirga kowace kalma sau nawa ta fito a nan, sau nawa ta fito a can. A ce kalmar gado, ko gaggawa, ko ka ci kyauta, kusan kullum a tsibin shara take fitowa, sunan unguwarku ko sunan kayan da kake saidawa kuwa a tsibin kirki. In sabuwar wasiƙa ta zo sai a auna kalmominta a haɗa nauyinsu, inda ya rinjaya can za ta. Ba wanda ya zauna ya rubuta mata doka, ita da kanta take koyo, kuma kullum ƙara koyo take. Duk sanda ka latsa ka ce wannan spam ne, ka ƙara mata darasi, duk sanda ka fiddo wata daga kwandon ka ce wannan ba spam ba ne, nan ma ka gyara mata kuskure. Kamar yarinya ce da ke koyon tankaɗe gun uwarta, da farko tsaki na wucewa, gari na zubewa, a hankali hannu ya faɗa.

'Yan shara ma ba su kwanta ba. Sai su sa lamba 1 wurin harafin i don kalma ta ɓace wa rariya, ko su zuba kalmomin kirki barkatai a ƙasan wasiƙa, ko su maida rubutun duka ya zama hoto. Shi ya sa rariyar yau ba kalmomi kaɗai take dubawa ba, tana duba daga ina wasiƙa ta taso, mutum nawa anka tura wa irinta a awa guda, nawa sunka buɗe, nawa sunka yi ƙorafi, shuɗin rubutun da ake latsawa ina yake kai mutum. Google ta ce Gmail na tare sama da kashi 99.9 cikin ɗari na irin waɗannan saƙonni, kusan biliyan 15 a rana. To cikin wannan tulin ko ɗan kuskure ƙanƙane anka yi, wasiƙun mutane nawa ke nan? Ta ƙanena tana cikinsu.

Akwai wata 'yar dabara mai sauƙi da Evan Harris ya bayyana a 2003. In baƙuwar kwamfuta ta kawo wasiƙa, sai a ce mata ba yanzu ba, dawo an jima. Sarba ta gaskiya za ta dawo bayan 'yan mintoci don haka ƙa'ida ta ce, manhajar ɗan shara kuwa sauri take, ta wuce gida na gaba. Wani lokaci in ka ga imel ya yi jinkirin minti goma ko sha biyar, ba rezo ba ne, wannan ne. Haka kuma ana sa wa masu aikawa iyaka, akwatin Gmail na kyauta ba ya wuce wasiƙa 500 a rana.

Su kuma manyan 'yan shara ba da kwamfutarsu suke aiki ba, ta mutane suke sacewa da birus, dubu ɗaruruwa, suna juya su daga nesa. A Nuwamban 2008 anka yanke wa wani kamfani mai suna McColo a Kalifoniya layin intanet saboda daga wurinshi ake juya irin waɗannan kwamfutoci, nan take sharar imel ta duniya ta ragu da wajen kashi biyu cikin ukku. Bayan 'yan watanni ta sake dawowa.

Sai babban gyara, wanda ya koma kan ramin farko, wato sunan ƙarya. Ku tuna hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, a shinge ana tambayar katin shaida, ana duba takardun kaya da hatimin duwan. Abu ukku anka ƙirƙiro masu kama da haka. SPF, wanda ya fito a rubuce a 2006, mai gida ne ke sanarwa cewa ga kwamfutocin da na yarda su aika wasiƙa da sunana, duk wadda ba ta ciki ba tawa ba ce. DKIM na 2007, wanda ya samo asali daga aikin Yahoo da Cisco, hatimi ne na lissafi da ake buga wa wasiƙa, in an taɓa abin da ke ciki a hanya hatimin ba zai dace ba. DMARC kuma da ya zo a 2012 shi ne umarnin mai gida, in kun ga wasiƙa da sunana ba kati ba hatimi, ku jefa ta shara ko ku maida ta, kuma ku aiko min rahoto. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo sunka tsaurara, duk mai tura wa masu Gmail sama da wasiƙa 5000 a rana dole ya cika waɗannan, dole ya sa wurin da mutum zai latsa sau ɗaya ya ce na daina karɓa, kuma masu ƙorafi a kanshi kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari.

Alhazai masu kamfani da ƙungiyoyi masu adireshin imel da sunan kansu, don Allah ku tambayi wanda ya haɗa muku shi ko ya sa abubuwan nan ukku. In bai sa ba, kana iya rubuta wa mai kaya a Dubai ko Guwanzu ka yi ta jira kana cewa ya raina ka, alhali wasiƙarka ba ta ma kai gaban idonshi ba. Kuma hatimi ba ya nufin mai wasiƙa mutumin kirki ne, ɗan damfara ma yana iya buɗe adireshi nashi mai kama da na banki, harafi ɗaya ya bambanta, ya buga mishi hatimi lafiya lau. Ku riƙa karanta abin da ke bayan alamar @ harafi bayan harafi, kuma banki ba ya tambayar lambar sirri ta imel.

Ɗalibai kuma, in kun aika dosiye ku rubuta kan magana a sarari, kada ku bar wurin fanko ku liƙa takarda kawai, kada ku jera adireshi hamsin a wasiƙa ɗaya. Ku sa adireshin makarantar cikin kontak ɗinku, kuma ku riƙa leƙa Spam kullum, don Gmail na share abin da ya kwana 30 a ciki. In kun tarar da wasiƙar kirki a can ku latsa ku ce ba spam ba ne, kun taimaki kanku kun taimaki ɗalibin da zai nema bayanku.

Shi ƙanen nawa ya sake aika dosiye bana, yanzu da ya idar da sallar asuba akwati biyu yake dubawa. Muna nan muna jiran amsa, ku sa shi cikin addu'a. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, wassalamu alaikum.