Lacca: Foundery, majami'ar Methodist ta farko a Landan

Jama'a, barkanku da zuwa. Ginin da za mu tattauna a kansa yau babu shi a doron ƙasa, an rushe shi tuntuni. Sunansa Foundery, a unguwar Moorfields ta Landan, kuma ba don ibada aka gina shi ba. Maƙera ce, inda ake yi wa gwamnatin Ingila zubin igwa.

A 1716 aka zo sake narka igwogin da aka ƙwato daga hannun Faransawa. Ƙasar da aka yi ramin zubi da ita ba ta gama bushewa ba. To, duk maƙerin da ya san aikinsa ya san abin da ke biyo baya: narkakken ƙarfe ya taɓa danshi, ruwan ya zama tururi nan take, tururin ya rasa mafita, sai abu ya fashe. Mutane suka mutu, ginin ya lalace, aka mayar da aikin zubi Woolwich. Wurin ya zauna kango fiye da shekara 20.

A Nuwamban 1739 John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Kirista ta Methodist, ya fara wa'azi a cikinsa. Fam 115 ya biya ya karɓi hayar wurin, amma gyaran ya ci ninkin wannan sau da yawa.

Ku lura da tsarin cikin, don nan ne darajar ginin take. Babban zauren yana ɗaukar mutum kusan 1,500, a kan benci marasa ado, maza gefe guda, mata gefe guda. Ba a sayar wa mai kuɗi wurin zama. Wanda ya riga zuwa shi ke zama gaba. A baya akwai ƙaramin ɗaki mai ɗaukar kimanin 300, na taron ƙananan ƙungiyoyi. Ga makaranta, ga wurin sayar da littattafai, ga masaukin Wesley a sama, inda mahaifiyarsa Susanna ta rasu a 1742. Ƙarfe biyar na asuba ake kaɗa ƙararrawa, domin ma'aikata su ji wa'azi kafin su tafi aiki. Nan aka yi babban taron Methodist na farko a 1744, nan kuma aka buɗe wurin ba da magani kyauta a 1746.

Me ya sa aka bar shi? Gini ne da aka yi wa faci a kan rauni, ya tsufa, wa'adin haya kuma ya kusa cika. A 1778 aka buɗe sabuwar majami'a a City Road, wadda George Dance ƙarami ya zana. Wasu daga cikin tsofaffin bencin Foundery suna can har yanzu.