Daga Sakkwato zuwa Illela: abin da ɗalibai suka gano a bakin iyaka

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga birnin Shehu. Yau ni da Malam Bello muna tare da ƙanwarmu Asma'u, ɗalibar jami'a da ajinsu ya je Illela gani da ido. Asma'u, sannu da hanya.

Asma'u: Yawwa Anti, sannunku da aiki.

Bello: Me ya fara ɗaure miki kai da isarku?

Asma'u: Malam, iyakar kamar babu ita. Ranar kasuwa muka isa, 'yan kabu-kabu sai jigila suke tsakanin Illela da Birnin Ƙonni na Nijar, ana cinikin shanu da albasa, wannan ya miƙa naira wancan ya miƙa sefa. Harshenmu ɗaya, ga auratayya.

Bello: Shi ya sa rufe ta ke taɓa kowa. An rufe a Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka buɗe. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har Maris na 2024 kafin Najeriya ta ba da umarnin buɗewa. Manyan motoci suka yi ta kwana a layi. Amma wanda 'yan bindiga suka koro ba ya jiran a ɗaga shinge.

Hadiza: Kun samu ganin irin waɗannan?

Asma'u: Mun gani, Anti. An kai mu wani gida inda matan da suka gudo daga yankin Sabon Birni suka sauka wajen dangi. Maigidan ya bar musu zaure da ɗakin ƙanensa, ya buɗe rumbunsa tun kaka ba ta yi ba. Aikina cike takardar tambayoyi. Na ce wa wata tsohuwa, Inna, ku nawa ne a gidanku? Ta fara lissafi da yatsu, ta tsaya, ta ce, kafin mu taso ko yanzu? Wallahi biron kasa riƙe shi na yi.

Hadiza: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bello: Ga wani abu da jama'a ba su cika lura da shi ba. Wanda ya tsallaka Nijar, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, ce ke yi masa rajista tare da gwamnatin can, kamar dubban da suka shiga jihar Maraɗi tun 2019, har aka matsar da wasu nesa da iyaka zuwa Garin Kaka da Chadakori. Wanda kuwa bai tsallaka ba, alhakinsa na wuyan gwamnatin Najeriya, ta hannun hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, da takwararta ta jiha.

Asma'u: To matan da muka gani, sunansu bai shiga kowace rajista ba, saboda ba a sansani suke ba. Ba kati, ba rabo. Shi kuma maigidan da ke ciyar da su, ba a ma lissafa shi. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Hadiza: Kun kai musu wani abu?

Asma'u: Mun yi karo-karo mun sayi gero da sabulu. Malaminmu ya sa kowa ya jefa wayarsa a jaka, ya ce ba a ɗaukar mutum hoto yana karɓar taimako sai da yardarsa. Sunayen da muka rubuta kuma, da izininsu muka miƙa wa mai unguwa ya kai gaba.

Bello: Za ku koma?

Asma'u: Bayan jarrabawa, in Allah ya so. Muna so mu ji ko sunayen sun shiga.