Amsoshin Tambayoyinku: Jan akuya, da arewancin Maradi

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta fito daga wani ɗalibin lise a unguwar Zariya, nan cikin Maradi. Malaminsu na falsafa ya tambaye su: in aka ɗaure jajayen awaki biyu a turke, ja ɗaya ne a jikinsu ko ja biyu? Aji ya rabu, yana so mu raba gardama.

To samari, gardamar nan ta girmi kakannin kakanninmu. Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya ce ja abu ne guda mai zaman kansa, ko da babu akuya ko ɗaya a duniya. Almajirinsa Aristo ya ce sifa ba ta tsayuwa sai a jikin mai ita. A 1978 David Armstrong, mutumin Ostireliya, ya bi sawun Aristo: sifa ɗaya ce tak, kuma tana nan cif a jikin kowane mai ita, sai dai kimiyya ce za ta faɗi waɗanne sifofi ne na gaske, kamar nauyi. Tun 1953 kuwa Donald Williams na Amurka ya ce kowace akuya da nata jan, kama kawai suka yi. Wanda ya yi karatun tauhidi a zaure ba zai ji wannan baƙo ba, don malaman Ash'ariyya sun ce kowane jauhari, wato abu mai tsayuwa da kansa, da aralinsa, wato sifar da ke jikinsa, kuma arali ba ya wuce lokaci guda sai an sabunta shi.

Akwai masu cewa ja suna ne kurum da muke laƙaba wa abubuwa masu kama da juna. Bertrand Russell na Birtaniya ya tare su a 1912: ita kamar fa? Kamar da ke tsakanin waɗannan awaki biyu ita ce tsakanin waɗancan biyu. Ke nan abin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga.

Wannan ya kai mu ga wasiƙar wata malama daga Tibiri, wadda ni a ganina ta fi tsauri. Ta ce Maradi tana arewa da Katsina, to ina wannan arewancin yake zaune?

Malama, ki zaga Maradi daga Bagalam har bakin Gulbi, ba za ki tsince shi ba. Haka in kika bi ta Dan Issa da Jibiya kika shiga Katsina. Amma maganar gaskiya ce, kuma ba ta jiran wani ya yi tunaninta. Russell ma ya kafa irin wannan misali da biranen Edinbara da Landan. Akasarin malaman kalam, wato ilimin tauhidi, sun ce alaƙa a cikin hankali kawai take. Francis Bradley na Ingila ya fi su zafi a 1893: in alaƙa wani abu ne na uku tsakanin biyu, me ya haɗa ta da kowannensu? Sai wata alaƙar, ita ma sai wata, ba iyaka. Daga nan ya yanke cewa alaƙa ba ta cikin haƙiƙa.

Ni dai ban bi shi ba. Ya ɗauki alaƙa kamar igiyar da sai an ƙulla ta, alhali ita ce ƙullin. Gaskiya ne wasu alaƙoƙin ba su ƙara kome: in kin san tsawon wa da tsawon ƙane, kin san wanda ya fi, ba sai an faɗa miki ba. Amma ki lissafa sifofin Maradi duka, yawan jama'arta, gyaɗarta, zafinta, ki lissafa na Katsina, babu inda za su nuna miki wadda ke arewa. Sannan ga jeri: "Maradi na arewa da Katsina" da "Katsina na arewa da Maradi" kayansu ɗaya, garuruwa biyu da alaƙa ɗaya, amma ta farko gaskiya, ta biyu ƙarya. Sifar da ke zaune a jikin gari ɗaya ba ta iya bambanta su. Shi ya sa Armstrong a 1997 ya ce duniya ba tarin abubuwa da sifofi ba ce kawai, har da yadda suka haɗu.

Kai kuma samari, in jarrabawa ta zo, kowane ɓangare ka ɗauka malaminka zai karɓa, muddin ka amsa tambayar Russell a kan kama.