Iskar da ta yi ƙaranci a hanta, ta yi yawa a hanji

Masu kallo, jikinmu yana haɗa wata iska da ake kira naitirik oksaid. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jini ne ke fitar da ita. Ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi take ɓacewa, amma kafin nan ta sa bangon jijiya ya saki, hanya ta buɗe, jini ya wuce salin-alin. Gano wannan ne ya sa aka ba Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998.

To, mu leƙa hanta. Jinin da ya fito daga hanji da tumbi da saifa, ta babbar jijiya guda yake shiga cikinta. Idan ciwon hanta nau'in B ko C, ko giya, ko kitse suka daɗe suna cin ta, sai tabo ya mamaye ta, ta taurare. Tabon yana tare hanya, amma ba shi kaɗai ba ne. Ƙananan jijiyoyin cikin hantar suna rage fitar da iskar nan, sai su tsuke. Wannan tsukewar kaɗai takan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na cikas ɗin da jini ke gamuwa da shi, kuma ita ce magani zai iya sassautawa. Tabo kam ba ya saurin jin magani.

Abin mamakin yana wajen hanta. A jijiyoyin hanji, iskar yawa take yi fiye da kima. Su buɗe, su ƙara kwararo jini zuwa ƙofar da ta riga ta cushe. Kamar a toshe magudana ne, sannan a ƙara buɗe famfo.

A mai lafiya, bambancin matsin jini tsakanin mashigar hanta da mafitarta ba ya wuce 5 a ma'aunin hawan jini. Daga 10 matsala ke kunno kai. Jini ya nemi ɓarauniyar hanya, jijiyoyin bututun abinci su kumbura, kuma daga 12 suna iya fashewa mutum ya yi ta aman jini. Ƙoda kuwa, ganin matsin jinin sauran jiki ya faɗi saboda buɗewar jijiyoyin hanji, sai ta ɗauka jini ne ya ƙaranta, ta riƙe gishiri da ruwa. Ga kumburin ciki, ga kumburin ƙafa.

Sai a ce, me zai hana a ba mara lafiya maganin da ke ƙara iskar? An gwada. Magani ba ya tsayawa a hanta kaɗai, duk jiki yake bi, sai matsin jini ya ƙara faɗuwa, ƙoda ta wahala. Shi ya sa likitoci suka fi dogara da propranolol da carvedilol, masu rage jinin da ke tururuwa zuwa hanta. Ana kuma gwada magungunan rage kitsen jini irin su simvastatin, domin an ga suna ƙara iskar a cikin hantar kanta, sai dai hantar da ta yi nisa ba ta jure su da yawa.