An canza sensa sau biyu, cek injin ya ƙi mutuwa

Bashir: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Anti Hadiza ce ta zo da ƙara, Oga Garba kuma shi ne alƙali tunda shi ne ya tsufa a ƙarƙashin bonet. Anti bismillah.

Hadiza: Kai Bashir bari kawai. Wata biyu kenan wutar cek injin ɗin motata tana wasa da hankalina, an jona sikana, na'urar karanta lambar matsalar mota, ta nuna P0106, mai gyara ya ce sensar MAP ce ta mutu, aka canza aka goge lambar, kwana biyu na huta sai ga ta ta dawo, aka ce wai jabu aka sa min, aka sake sayo wata, ita ma kwana biyu. Ga shan mai kamar me, ga baƙin hayaƙi a salansa in na tsaya.

Garba: Toh Hajiya tun farko a nan aka bar jaki ana dukan taiki. P0106 ba ta ce sensa ta mutu ba. Abin da kwamfutar motar ke cewa shi ne, lissafin da sensar nan take aiko min bai yi daidai da abin da nake tsammani ba. Shikenan. Wa ya jawo, ita ba ta faɗa ba.

Bashir: Oga tsaya, ita MAP ɗin me take aunawa ne ma?

Garba: Matsin iskar da ke cikin manifol, wato inda iska ke bi bayan totur kafin ta shiga inji. In mota tana silo totur a rufe yake, inji na zuƙa, sai matsin ya faɗi ƙasa sosai. Ka taka totur ya buɗe, matsin ya tashi ya kusa kai na iskar waje. Da wannan kwamfuta take gane nauyin da inji ke ɗauka ta san man da za ta ba shi. Kuma tana kwatantawa da buɗewar totur da gudun inji, in ta ga totur a rufe amma sensa na cewa iska ta cika, sai ta ce a'a, akwai maƙaryaci a cikinku.

Hadiza: To me ya sa take yin kwana biyu kafin ta dawo? Ni abin da ya ruɗe ni kenan, sai in ɗauka an gyara.

Garba: Lambobi da yawa haka aka tsara su, sai kwamfuta ta ga matsalar a tafiya biyu a jere kafin ta kunna wutar. Ta farko tana ajiye ta a gefe ne tana jira. Kuma gogewar nan da ake saurin yi ita ke ba ni haushi wallahi, don lokacin da lambar ta faɗo kwamfuta tana ɗaukar hoton yanayin injin, zafinsa nawa, gudunsa nawa, matsin nawa ne. Kana gogewa hoton ya tafi. Ka kori shaida sannan ka zauna shari'a.

Bashir: Yanzu da motar ta zo hannunka me ka fara yi?

Garba: Ban taɓa sifana ba. Na jona sikana, na murɗa makulli wuta ta kawo amma ban tada inji ba. A haka babu zuƙa, dole sensa ta nuna matsin iskar waje, wajen 100 kPa, ma'aunin matsi kenan, in kana kusa da teku, in wuri mai tudu ne ya ɗan ragu. Tata ta nuna daidai. Sai na tada, na bari ya yi zafi. Lafiyayyen inji a silo yawanci tsakanin 30 da 40 za ka gani. Nata ya tsaya sama da 60 yana rawa.

Hadiza: Ina tsaye a wurin, na ga ya yi murmushi na ce Oga lafiya?

Garba: Ai a nan na san sensar tana da rai, ƙarya ake gaya mata. Motarki irin wadda sensa take gefe ce, ɗan siririn tiyo ne ya haɗa ta da manifol. Daga sama tiyon lafiya lau, na juya shi sai ga tsaga ta ƙasa daidai inda ya lanƙwasa, roba ta bushe saboda zafi. Iskar waje na shiga ta nan, sensa ta ga matsi ya yi yawa, kwamfuta ta ɗauka ana hawan tudu da kaya sai ta dinga zuba mai, ke kuma kina tsaye a danja. Ga hayaƙinki, ga shan manki, filogi ma duk sun yi baƙi.

Bashir: Ikon Allah. Kuma duk wanda ya canza sensar da hannunsa ya cire tiyon nan ya mayar.

Garba: Sau biyu ma. Wasu motocin babu tiyon, sensar a jikin manifol take zaune da 'yar roba zagayayya, ita ma tana bushewa ta yi yoyo, ko bakin sensar ya toshe da mai da dauɗa.

Bashir: To in da tiyon lafiya yake fa?

Garba: Sai in koma wayarin. Yawancinsu waya uku ne, ɗaya tana kawo bolt 5 daga kwamfuta, ɗaya nagatif, ɗaya ita ke mayar da saƙo. In wasu suna da huɗu to an haɗa da mai auna zafin iska ne. Ka sa mita ka tabbatar 5 ɗin nan tana nan, ka duba soket ko ya yi kore ko fil ya saki, sannan inji na aiki ka dinga girgiza wayoyin kana kallon sikana, in lamba ta yi tsalle ka kama ɓarawo. Irin wannan ya fi kawo P0107 ko P0108, saƙo ya yi ƙasa da yawa ko sama da yawa, kuma shi ne mai zuwa in an shiga gargada ya ɓace a kan kwalta. Wani abin kuma, bolt 5 ɗin nan sau da yawa sensa biyu ko uku ne ke sha daga layi ɗaya, wata can daban ta yi shot ta ja shi ƙasa, sai lamba ta faɗo a kan MAP baiwar Allah.

Hadiza: Oga wata tambaya, ƙanwata tata P0520 ce take nunawa, ita ma tiyo ne?

Garba: A'a a'a, wannan ta matsin baƙin mai ce, kar ta yi wasa da ita. Yana iya zama sensa ko waya, amma sai an ɗaura geji na hannu an auna matsin na gaske kafin a ce haka. In jar wutar mai ta kama tana tafiya ta faka ta kashe inji nan take, don in famfon mai ne ya gaza, 'yan mintuna sun isa inji ya yi nokin.

Bashir: Anti ki kira ta yau ɗin nan. Ke kuma taki yanzu kwana nawa?

Hadiza: Sha ɗaya yau, wuta ba ta dawo ba, hayaƙin ma ya ɗauke. Sensa biyun da aka cire suna nan cikin leda a but, har da ta asali da motar ta zo da ita.

Garba: Kawo min ta asalin gobe in gwada ta, ina kyautata zaton ita za mu mayar.