Gadar sama kaɗai ba ta isa ba: hira kan tsallaka titi a Akra

Fati: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau ni da Yaya Awudu maganar tsallaka titi muka kawo muku. Yaya, mu fara da unguwar Lapaz.

Awudu: To, ƙanwata. Titin N1 da aka buɗe a 2012, daga mahaɗar Tetteh Quarshie zuwa unguwar Mallam, don gudu aka shimfiɗa shi. Amma a Lapaz tsakiyar kasuwa ya ratsa. Trotro, wato ƙananan motocin haya, na lodi, masu talla na bin gilashin mota, danja kuma ba ta jiran tsoho.

Fati: Ai shi ya sa nake cewa a ƙara gadojin masu ƙafa. Ka tuna Nuwamban 2018, da mota ta kashe ɗalibar makarantar sakandare ta West Africa (WASS) a hanyar Madina zuwa Adenta? Sai da jama'a suka tare hanya suka ƙona tayoyi kafin a kammala gadoji 6 da aka bari.

Awudu: Allah ya jiƙanta. Gadojin sun ceci rayuka, ban musa ba. Amma je ki Madina Zongo Junction ki ga yadda gadar ke ta kewaye-kewaye. Kayayo, wato 'yar dako, mai kwanon doya a ka, da goyo a baya, za ta hau? Hajiya mai ciwon gwiwa fa? Ƙasa za su bi, gobe a ce su ne masu taurin kai. Wannan maganar tana ci mini rai wallahi.

Fati: To me za a yi musu?

Awudu: A gyara ƙasan. A ɗaga wurin tsallakawa ya zama tudu, dole direba ya taka birki. A faɗaɗa tsibirin tsakiya mutum ya samu inda zai tsaya ya numfasa. A matse bakin kwana, a ƙara wa masu ƙafa lokacin danja, a sa fitilu da dare. Wanda mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa galibi yana tashi. A 60 kuwa, sai dai addu'a.

Fati: Direbobi za su ce ka haɗa musu cunkoso.

Awudu: Su ce. Dokar cikin gari kilomita 50 ce, wa ke bi a N1?

Fati: Ni dai a bar mini gadata a babban titi. Amma gaban makarantun Nima da Maamobi, na yarda, tudun nan nake so. A taron unguwa mai zuwa sai ɗan majalisarmu na ƙaramar hukuma ya faɗa mana ranar da za a fara.