Lissafin Yaɗuwar Fara, Daga Ƙwai Zuwa Fiffike

Assalamu alaikum. Jama'a, a gyara zama. Yau lissafi za mu yi, amma kada kowa ya tsorata, da fara za mu yi shi.

A 1937, Ronald Fisher a Ingila, da Kolmogorov da abokan aikinsa a Rasha, suka fito da ƙa'ida ɗaya ba tare da sun haɗa kai ba. In halitta tana hayayyafa tana kuma yawo barkatai, iyakar yankin da ta mamaye za ta riƙa matsawa da gudu iri ɗaya, kuma yawan haihuwa da nisan yawo ne ke yanke wannan gudun. A 1951 wani masani mai suna Skellam ya gwada ta a kan wani ɓeran ruwa da aka saki kusa da birnin Prague a 1905, lissafi ya zauna daram.

To amma ƙa'idar ta ɗauka kowa sa'an kowa ne. Ku dubi fara. Ƙwai yana kwance cikin yashi mai laima kamar mako 2, ko motsi ba ya yi. Ɗango ya ƙyanƙyashe ba fiffike, ya yi wajen kwana 30 zuwa 40 yana tafiyar ƙasa, yana saɓa har sau 5. Sai fiffike ya fito, iska ta kwashe ta, wani lokaci har kilomita 150 a yini, alhali ba ta ma isa zuba ƙwai ba. Kun gani? Wadda ta fi gudu ba ita ke haihuwa ba.

Nan aikin McKendrick ya shigo, likitan soja da ya yi aiki a Indiya, wanda a 1926 ya tsara yadda ake ƙirga jama'a bisa shekarunsu. Sai a haɗa wannan ƙirga da waccan ƙa'ida ta yaɗuwa. A yanka taswira gida-gida, kowane gida a rubuta ƙwai nawa, ɗango nawa, masu fiffike nawa. Kowane mako kwamfuta ta lissafa waɗanda suka mutu, da waɗanda suka girma, da waɗanda iska ta kai gidan maƙwabta.

Hukumar FAO, mai kula da abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce in damina ta yi kyau, fara na ninkawa sau 20 a wata 3, sau 400 a wata 6. Mutanen Nijar da ke nan ba su manta farar 2004 ba. Shi ya sa motocin bincike ke shiga Tamesna da Abzin a arewacin Nijar bayan ruwa, a fesa wa ɗango magani tun yana tafiya da ƙafa.

Malam, na ga hannunka. Bismillah.